Babur na wahalar tashi? Kafin ka sayi sabon batir, saurari wannan

  

Yau zancen babur za mu yi. Ko ka ce mashin, ko moto kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke cewa, duk abu ɗaya ne. Kuma ba zancen babur gaba ɗaya ba, matsala guda ɗaya tak: ka danna sitata, injin ya riƙa juyawa da ƙyar kamar wanda bai karya ba, ko ka ji ƙas ƙas ƙas shi ke nan, ko ma shiru. Ga ɗan acaba wannan asarar fasinjan safe ce, kuma mai babur ba ruwansa, da yamma balas zai tambaya. Ga ɗalibi makara ce. Ga magidanci kuwa, Allah Ya kiyaye, wani lokacin da tsakar dare ne ake buƙatar kai mara lafiya asibiti, babur ya ce atafau.

Abin da yawancinmu ke yi, da an ga haka sai a ce batir ya mutu, a tafi kasuwa a sayo sabo. Sati uku, wata ɗaya, sabon ma ya kwanta, sai a ce ai batiran yanzu ba su da kyau. To abin da nake so in dasa muku a rai yau shi ne, sau da yawa batir ba shi ne mai laifi ba, shi aka yi wa laifi. An bar jaki ana dukan taiki. Idan ba ka gano abin da ya kashe tsohon ba, shi ne zai kashe sabon.

Bari in ba ku misali da zai sauƙaƙa mana duk hirar. Ka ɗauki batir kamar randa ce. Kwayil da rektifaya su ne ɗan garuwan da ke cika ta. Wayoyi su ne tiyon da ruwa ke bi. Sitata kuma ita ce mai ɗiban ruwa da bokiti, ba da kofi ba. Idan ka zo ba ka sami ruwa ba, abu huɗu ne: ko randar ta tsage, ko ɗan garuwa ya daina zuwa, ko tiyo ya toshe, ko akwai mai satar ruwa da dare. A cikin huɗun nan, ɗaya ne kawai sabuwar randa ke magancewa. Kun gane ko?

To, mataki na farko ba ya buƙatar ko sisi. Kunne kawai. Kunna makulli, sa babur a furi, danna sitata, ka saurara.

Idan injin yana juyawa amma a sanyaye, yana ja yana tsayawa, wannan wuta ce ba ta isa sitata yadda ya kamata. Ko batir ya yi rauni, ko kan batir ya kwance, ko ita sitatar ta gaji.

Idan ka ji ƙas ƙas ƙas da sauri a jere, rile ne ke wannan ƙarar. Yana samun wutar da zai kama, amma da sitata ta ja wuta sai ƙarfin ya faɗi, ya saki, ya sake kamawa, ya sake saki. Kusan kullum wannan ƙarancin wuta ne.

Idan ƙas guda ɗaya ka ji mai ƙarfi sannan shiru, rile ya kama amma wutar ba ta wuce ba, ko ta wuce sitata ta ƙi juyawa. Nan za ka zargi cikin rilen, ko babbar wayar sitata, ko sitatar kanta.

Idan shiru ne ɗungurungum, ko ƙas babu, fara da fiyus ɗin da ke kusa da batir. Duba jan maɓallin kashe inji da ke hannun dama idan naka yana da shi, don yara suna son taɓa shi. Wasu baburan ba sa tashi sai ka riƙe kuloci, wasu sai ka riƙe birki, wasu sai ka ɗage jak ɗin gefe. Kowanne yana da ɗan ƙaramin maɓalli da ƙura ke iya hanawa aiki.

Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfinsa, lafiya lau, amma ya ƙi kamawa, to ɗan'uwa ka bar batir ya huta. Ba shi ba ne. Wannan zancen mai ne, ko iska, ko wutar filogi, kuma za mu zo kansa. Wannan bambancin kaɗai, tsakanin injin da ba ya juyawa da kyau da injin da ke juyawa amma bai kama ba, wallahi ya isa ya tsare maka kuɗi masu yawa.

Yanzu mu zo kan batirin. Irin wanda ke jikin yawancin baburanmu, su Boxer, Jincheng, Haojue, roba-roba da sauransu, batir ne na dalma da asid. Tsohuwar fasaha ce, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro ta tun 1859, har yau kuma ita ake amfani da ita. A ciki akwai ɗakuna 6, kowanne yana ba da bolt 2.1 ko kusa da haka. Shi ya sa batirin da aka rubuta wa 12 a jiki, idan ya cika da gaske, 12.6 zuwa 12.8 yake nunawa. Wanda ya nuna 12.0 daidai ba cikakke ba ne, ya kusa ƙarewa ma. Mutane da yawa ba su san wannan ba.

Don ka ga waɗannan lambobi kana buƙatar mita, irin 'yar ƙaramar nan ta masu gyaran waya da rediyo, mai jar waya da baƙa. Kuɗinta bai kai na batir ba. Idan ba ka da ita, kowane mai gyaran wutar babur yana da ita, ka ce ya gwada a gabanka kana kallo. Za a murɗa ta zuwa DC 20, jar waya a kan filas, baƙa a kan mainas. Awo uku za a yi, kuma don Allah ku riƙe su.

Awo na farko, babur a kashe, bayan ya huta aƙalla awa ɗaya, ya fi kyau ma a ce kwana ya yi. Kada ka auna da saukarka daga tafiya, don a lokacin lambar tana ɗagawa ta yaudare ka. Idan ka ga 12.6 ko sama, ya cika. 12.4 ya ɗan sauka. 12.2 kusan rabi ne. 12.0 zuwa ƙasa yana buƙatar caji yau ɗin nan. Idan kuma ka yi masa caji ya huta, ka ga ya tsaya wajen 10.5, to ɗaki ɗaya daga cikin shidan ya mutu. Wannan ba shi da magani, randa ta tsage.

Awo na biyu shi ne mai tona asiri. Mita tana kan batir, ka danna sitata kana kallon lambar. Dole ta sauka, wannan ba komai ba ne. Amma lafiyayyen batir ba ya sauka ƙasa da 9.6 zuwa 10. Idan ka ga daga 12.6 ta faɗo 7 ko 6, wannan batirin cika baki ne kawai, ba ƙarfi a ciki. Yana nuna lamba mai kyau idan ba a tambaye shi aiki ba, da an ɗora masa kaya sai ya durƙusa.

Awo na uku, injin yana aiki. Ta da shi ko da kik ne, ka ɗan murɗa totur ya ɗaga sama da silo, ka riƙe. Ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan lambar ta tsaya a 12 da 'yan kai, ba ta motsawa ko ka ba shi wuta, babur ɗinka ba ya caji. Ko batir na zinare ka sa, zai ƙare. Idan kuma ta haura 15 tana ta hawa, caji ya yi yawa, rektifaya ta daina tsare ƙofa, tana dafa maka batir. Alamun wannan su ne ruwan batir yana ƙarewa da wuri, jikinsa ya kumbura ko ya yi zafi, ƙwan fitila yana yawan ƙonewa, wani lokacin har ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Kun ga da awo ukun nan, cikin minti biyar, ka san ko randa ce ko ɗan garuwa.

A nan akwai wata magana da ake yawan yi: ai hon yana yi, fitila ma tana kamawa, don haka batir lafiyarsa ƙalau. A'a. Hon amfiya biyu ko uku yake ja. Sitata kuwa amfiya gommai take ja a lokaci guda. Wanda zai iya ɗaukar jarkar lita huɗu ba lallai ya iya ɗaukar buhun masara ba. Ita fitila kuma, a ƙananan babura da yawa ba ma daga batir take shan wuta ba, kai tsaye daga kwayil take sha. Yadda za ka gane, idan babbar fitilarka ba ta kamawa sai injin ya tashi, kuma tana ƙara haske idan ka murɗa totur, to ba ta da shaidar da za ta bayar a kan batir. Haka ma tashi da kik. Baburan da CDI ɗinsu ke shan wuta daga kwayil suna tashi da kik ko batir ya mutu murus. Shi ya sa za ka ga mutum ya shekara yana buga kik bai san batirinsa ya daɗe da tafiya ba. Amma sababbin babura marasa kafireta, masu famfon mai na lantarki, su kam idan batir ya yi ƙasa sosai ko turawa ba ta cika tayar da su ba.

To, a ce awo na farko da na biyu sun yi kyau amma sitata tana ja da ƙyar. Sai mu duba tiyo, wato wayoyi. Kuma gaskiya ko kafin mita ma, wannan ya kamata ka fara dubawa, don shi ne mafi araha. Buɗe murfin gefe, kama wayar kan batir ka girgiza. Idan ta motsa, ga ɓarawonka nan. Hanyoyinmu da ramuka da gargada, girgiza kaɗai tana kwance noti. Sannan duba ko akwai wani farin gari ko kore-kore da ya taru a kan. Wannan tsatsa ce ta asid, tana tare wuta.

Gyaran ba wuya. Kashe makulli. Fara cire wayar mainas, sannan filas. Dalili shi ne, jikin babur gaba ɗaya mainas ne, idan ka fara da filas sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi za ka gani. Wanke kan da ruwan ɗumi da ɗan bekin soda, amma kada ya shiga cikin batirin. Goge da samfefa har ƙarfen ya yi haske, ka mayar, wannan karon filas da farko, mainas a ƙarshe. Ɗaure sosai, sannan ka shafa ɗan giris ko basilin a sama. Kada ka tsaya nan. Bi wayar mainas har inda aka ɗaure ta a jikin babur ko inji, don wannan wurin kowa mantawa yake da shi, kuma tsatsa tana son sa. Wata dabara kuma: bayan ka danna sitata na 'yan daƙiƙu, taɓa wayoyin da mahaɗansu a hankali. Inda ka ji zafi, nan wuta ke maƙalewa.

Idan awo na uku ne ya faɗi, wato ba caji, kada a yi saurin cewa kwayil ya ƙone. A fara da soket ɗin rektifaya. Sau da yawa za ka tarar ya narke ko ya yi baƙi, ko waya ɗaya ta zare. Bayan nan a auna wutar da ke fitowa daga kwayil, mita a kan AC, a ga ko tana ƙaruwa idan an ba inji wuta. Idan tana fitowa amma ba ta isa batir, rektifaya ce. Idan ba ta fitowa, sannan a buɗe gefen inji a duba kwayil. Daga mai araha zuwa mai tsada, haka ake bin gyara. Duk makaniken da ya fara da mai tsada ba tare da ya auna komai ba, ka tambaye shi cikin ladabi, malam me ka gani?

Saura mai satar ruwa da dare. Alamarsa ita ce, ka ajiye babur lafiya, bayan kwana biyu ko uku ka zo batir ya sauka. Mu duba abin da muke ɗora wa baburanmu: sikiyuriti mai rimot, na'urar bin sawu saboda ɓarayi, cajar waya, rediyo mai sifika, fitilu masu walƙiya har ƙarƙashin inji. Ba laifi ba ne, wasu ma dole ne saboda halin da ake ciki. Matsalar ita ce yadda ake haɗa su. Da yawa kai tsaye ake jona su a kan batir, ba ta bayan makulli ba, don haka ko ka kashe babur suna ci.

Mu yi lissafi. Batiran ƙananan babura yawanci 5Ah ne zuwa 7Ah, za ka ga an rubuta a jiki. A ce wata na'ura tana jan miliamfiya 20 kacal, abin da ko kallo bai isa ba. Sau awa 24, kusan rabin Ah ke nan a kwana ɗaya. Cikin kwana biyar rabin batir mai 5Ah ya tafi, alhali babur yana tsaye a zaure. Yadda ake kama ɓarawon: makulli a kashe, a cire wayar mainas, a sa mita a kan awon amfiya tsakanin wayar da kan batir. Abin da ya wuce 'yan miliamfiya kaɗan, akwai mai ci. Sai a riƙa cire na'urorin ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Gargaɗi: mita tana haɗe a haka kada ka kuskura ka danna sitata, za ka ƙona ta nan take.

Akwai kuma ɓarnar da halinmu da yanayinmu ke yi. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, kowa ya koyi tattali. A danja a kashe inji, a gangara a kashe, a tsaya gaisawa a kashe. Ba wanda zai ga laifinka. Amma ka sani kowane danna sitata ɗiban bokiti ne, caji kuma da kofi yake dawowa, a silo ma da cokali. Idan tafiyarka gajeru ce, daga gida zuwa shago, daga shago zuwa masallaci, kana ɗiba fiye da yadda kake zubawa. Maganin, idan babur ɗinka yana da kik, ka raba musu aikin. Tashin farko na safe, lokacin da inji ya yi sanyi kuma ya fi nauyi, ba kik. Sannan lokaci-lokaci ka ba shi tafiya mai ɗan tsawo, kamar rabin awa ba kashewa.

Kuma kada ka danne sitata kamar kana rigima da ita. Daƙiƙa 5, ka saki, ka jira kamar daƙiƙa 10, ka sake. Dannewa mai tsawo tana zuƙe batir, tana kuma dafa sitatar.

Ajiye babur ba hawa shi ma kisa ne. Batirin da aka bari a sauke, wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantan dalmar da ke ciki. Idan aka yi caji da wuri yana narkewa. Idan aka bar shi makonni sai ya daskare, daga nan ko an yi caji batirin ba ya riƙe wuta kamar da. Za ka yi tafiya ta wata guda? Cire wayar mainas, kuma ka tabbata a cike ka bar shi.

Zancen yanayi kuwa, mutane suna cewa sanyin hunturu ne ke kashe batir. Gaskiyar ita ce zafin bazara ne ke yi masa illa, hunturu tona asiri kawai yake yi. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, ga zafin inji a kusa. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana cin farantan. Batirin ya lallaɓa ya wuce damina. Da Disamba ta zo, safiya ta yi sanyi, ƙarfinsa ya ragu, baƙin mai ya yi kauri, inji ya ƙara nauyi, sai ya kasa. Don haka idan naka mai murafu ne da ake buɗewa, duba ruwansa duk wata, musamman da bazara. Akwai layi biyu a jiki, ruwan ya tsaya tsakaninsu. Idan ya sauka, tataccen ruwan batir za ka ƙara. Ba asid ba, don ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan. Ba ruwan rijiya ba, ba na famfo ba, ba na leda ba, don gishirin da ke cikinsu yana lalata farantan. Wanda kuma aka rufe ruf daga kamfani, ba a buɗe shi.

Idan batir, waya da caji duk sun fita lafiya, sai sitata. A cikinta akwai wasu ƙananan gawayi da ake kira buroshi, suna cinyewa da aiki. Alamar gargajiya ita ce, ka ɗan ƙwanƙwasa jikin sitata da ƙotar sukundireba sai ta kama. Wannan ba gyara ba ne, sanarwa ce. Buroshi ana sayar da shi daban, ba sai ka sayi sitata sukutum ba. Idan kuma sitata tana kuka wiii da sauri amma injin ba ya juyawa, kulocin sitata ne ke zamewa, wannan aikin buɗe gefen inji ne. Za ka ga makanikai suna haɗa manyan notuna biyu na rile da sukundireba don su gwada. Idan sitata ta juya da ƙarfi a haka, rile ne ya lalace. Amma abin yana tartsatsi, kuma idan babur yana cikin giya zai zabura, don haka ka bar wa mai sana'a.

Mu koma kan wancan da muka ajiye, injin da ke juyawa lafiya amma ya ƙi kamawa. Duba makunnin mai da ke ƙarƙashin tanki, mai yiwuwa lokacin komawa rizab ne ya yi. Da sanyin safiya ja cok, kada ka murɗa totur da yawa, in ya tashi ya ɗumama ka mayar da cok ɗin. Cire filogi ka kalle shi: idan ya yi baƙi da toka ko ya jiƙe, goge ko canja. Da hunturu ƙura tana toshe matatar iska, a wanke ko a canja. Da damina ruwa yana shiga tanki, kuma man gefen hanya ba kullum yake da tsabta ba, akwai ɗan sukuru a ƙasan kafireta da ake kwancewa a zubar da abin da ya kwanta. Idan kana buga kik kana jin ya yi laushi ba turjiya, a duba bawul da ringi. Ku lura da yadda abin yake zagayowa: filogi mara kyau yana sa ka yi ta danna sitata kullum, har batir ya mutu, ka sayi sabo, filogin yana nan.

Idan ka maƙale a hanya fa? Kik ne na farko. In babu, turawa: makulli a kunne, giya ta biyu, riƙe kuloci, a tura ya ɗauki gudu, ka saki. Idan daga mota za a ba ka wuta, a kashe injin motar tukuna. Filas da filas, mainas kuma a jikin ƙarfen babur. Kuma kada a taɓa jona maka daga babbar mota mai bolt 24.

Wajen masu caji ma a kula. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin goma na girman batir. Mai 5Ah, rabin amfiya yake so, na wajen awa 10. Idan aka ɗora shi a kan cajar batirin mota aka ce dawo bayan rabin awa, zai tayar maka da babur yau, amma an rage masa kwana. Ka taɓa shi, in ya yi zafi sosai a cire.

In kuwa awo ya tabbatar batir ne, to bismillah, a saya. Sayi girman da ya zo da babur, lambar tana jikin tsohon. Duba gefen da filas yake don waya ta kai. Idan busasshe ne da ake zuba wa asid a shago, bayan an zuba a bar shi ya huta kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, a yi masa cajin farko a hankali kafin a ɗaura. Gaggawar a zuba a ɗaura a tafi tana rage masa ƙarfi tun ranar farko. Kuma ranar da aka ɗaura, a maimaita awo na uku a gabanka.

Abu na ƙarshe, lafiyarku. Batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, ban da sigari ko ashana a kusa, ban da caji a rufaffen ɗaki. Asid in ya taɓa ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. Tsohon batir kuma kada a bar shi a tsakar gida yara su fasa. Dalma ce a ciki. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga duwatsun haƙar zinare ta fito, amma gubar iri ɗaya ce. Mayar da tsohon wurin mai sayarwa.

To 'yan'uwa, gobe da safe idan babur ya yi maka nawa, ga jerin: saurari ƙarar, girgiza kan batir, duba fiyus, yi awo uku, nemi ɓarawon dare, sannan sitata. Aljihu shi ne na ƙarshe. Wanda yake da ɗan'uwa ko aboki mai sana'ar babur, ya isar masa da wannan.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa albarka a abin hawanmu da abin da muke nema. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.